Ƙwaron da Ya Huda Waken Innarmu: Darasi a Kan Ƙwarin Ganye

Daga wata ɗalibar aji biyu, filin kimiyya

 A wannan makon filinmu na kimiyya zai yi magana a kan wasu ƙananan ƙwari da kowannenmu ya taɓa gani, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka dube su da kyau. Ni ma da ba na kula su, sai da suka jawo mana asara a gida.

Innarmu tana suyar ƙosai da safe a ƙofar gida. Daga ribar ƙosan nan ake saya mini littattafan rubutu da biro, a kuma ba ni kuɗin tara. Bara da kaka, da wake ya yi araha, ta kwashi adashinta ta sayi buhu guda ta ajiye a ɗaki, don kada ta saya da tsada idan bazara ta yi. Bayan kamar wata uku ta kwance bakin buhun. Da ta tura hannu sai ta ji ɗumi a ciki. Ƙananan ƙwari suka yi ta fitowa suna bin hannunta, waken duk ya yi ramuka, ga gari a ƙasan buhu, ga wani irin wari. Mun kwana biyu muna tsinta da sheƙa, amma mai yawa daga cikinsa sai awaki aka ba.

Wani maƙwabcinmu ya ba ta shawara ta yayyafa wa sauran fiya-fiya ta ɗaure. Inna ta ce: "Wanga ƙosai har ku kuna ci. Ba ni zuba guba ga abin da ɗiyan mutane za su ci." To amma in ba a sa guba ba, me za a yi? Wannan tambayar ce ta sa na zuba ƙwarin guda biyar a kwalin ashana na kai wa malaminmu na darasin noma. Ya duba ya ce: "Kin san waɗannan dangi ɗaya suke da masu huda ganyen kuɓewar lambun makaranta?" Na ce: "Malam, ai wannan wake yake ci, wancan ganye." Ya yi dariya, ya ara mini gilashin ƙara girma, ya ce in je in bincika in rubuto. Ga abin da na samo.

SU WANE NE ƘWARIN GANYE?

Kowane ƙwaro yana da ƙafa 6, kuma jikinsa ya kasu kashi 3: kai, ƙirji da ciki. A cikin ƙwari akwai wata babbar ƙungiya ta masu taurin baya, irin su buzuzu. Wannan taurin da muke gani a bayansu fukafukai ne guda biyu da suka yi ƙarfi kamar kwanso, suna rufe wasu fukafukai masu laushi waɗanda da su ne ƙwaron yake tashi. Masana sun san ire-iren ƙwari masu taurin baya kusan 400,000.

A cikin wannan ƙungiya akwai wani babban gida da masana suke kira Chrysomelidae. Farkon sunan ya fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin zinariya, saboda da yawa daga cikinsu suna ƙyalli. Mu a nan za mu kira su ƙwarin ganye. An san iri fiye da 35,000 a duniya. Yawancinsu ba su kai tsawon farcen ɗan yatsa ba. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu tsiro suke ci, iyaye da 'ya'ya. Wasu ganye, wasu saiwa, wasu fure, wasu kuma ƙwayar iri. Ƙwaron wake yana cikin reshen masu cin ƙwayar iri. Ashe Malam yana da gaskiya.

Ku lura, buzuzu ba ɗan wannan gida ba ne. Haka ma ƙwaron nan mai dogon baki da ake samu a cikin dawa da masara, nasa gidan daban.

WAƊANDA ZA KU IYA GANI A NAN SAKKWATO

1. Ƙwaron kuɓewa. Ku duba ganyen kuɓewa ko rama ko yakuwa, za ku ga ƙananan ramuka kamar an yi ta soka allura. Mai wannan aiki ɗan ƙaramin ƙwaro ne, wani ruwan ƙasa, wani shuɗi mai duhu. Masana suna kiransa Podagrica. Cinyoyinsa na baya suna da kauri, shi ya sa da ka kai hannu sai ya yi tsalle kamar ƙuma. Tsutsarsa a cikin ƙasa take zama tana cin ƙananan saiwoyi.

2. Ƙwaron kabewa. Ja ne ko ruwan lemo, ya ɗan fi na kuɓewa girma. Yana cin ganyen kabewa da kankana da guna, musamman lokacin da suke ƙanana.

3. Ƙwaro mai siffar kunkuru. Ana samunsa a ganyen dankali. Bayansa ya baje kamar faifai ya rufe kai da ƙafafu, wani kuma yana ƙyalli kamar ɗan kunnen zinariya. Tsutsarsa tana da wata dabara mai ban dariya: kashinta take tarawa ta ɗora a bayanta kamar laima, don maƙiya su ji ƙyama su ƙyale ta.

4. Ƙwaron tsamiya da gyaɗa. Idan kun taɓa fasa tsamiya kuka ga ƙwallon da rami, aikinsa ne. Sunansa Caryedon serratus. Ya fi ƙwaron wake girma. Yana rayuwa a 'ya'yan tsamiya da kalgo, yana kuma shiga gyaɗar da aka ajiye da ɓawonta.

5. Ƙwaron wake, wato Callosobruchus maculatus. Tsawonsa kamar milimita 3 ne, ruwan ƙasa mai ɗigon baƙi. Shi ne ya shiga buhun Inna, don haka a kansa zan fi tsayawa.

YADDA ƘWARON WAKE YAKE RAYUWA

Da can na ɗauka waken ne da kansa yake haifar ƙwari idan ya daɗe. Ba haka abin yake ba. Ƙwaron yana bin matakai 4.

Mataki na farko ƙwai ne. Uwar takan manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake ɗaya bayan ɗaya. Idan kuka duba tsohon wake kuka ga wasu fararen ɗigo manne a jikinsa waɗanda ba sa karkaɗuwa, to su ne.

Mataki na biyu tsutsa. Cikin kamar mako guda ƙwan yake ƙyanƙyashewa. Tsutsar ba ta fitowa waje, ta ƙarƙashin ƙwan take huda ɓawo ta shige cikin waken kai tsaye. A nan take zama tana ci tana girma, alhali daga waje waken lafiya lau ake ganinsa.

Mataki na uku kwanciya. Idan ta ƙoshi sai ta daina ci da motsi, jikinta ya shiga rikiɗa, ƙafafu da fukafukai su fito.

Mataki na huɗu cikakken ƙwaro. Sai ya yanke ɗan zagayayyen murfi a jikin ɓawon ya fito. Ramin da muke gani ƙofar fita ce. Wato duk waken da ka gani da rami, an riga an gama cin cikinsa.

A lokacin zafi duk wannan zagaye ba ya wuce mako 3 zuwa 4. Babban ƙwaron kuma ba ya buƙatar ci ko sha kafin ya hayayyafa. Yana rayuwa mako ɗaya ko biyu, kuma mace ɗaya tana iya yin ƙwai masu yawa, har kusan 100. Wani abin lura shi ne tun daga gona suke fara shiga, lokacin da waken yake bushewa a kwansonsa. Shi ya sa ko sabon wake ka saya, mai yiwuwa da baƙi a ciki.

Bari mu yi lissafi na misali. Mu ɗauka mace ɗaya ce ta shiga buhu, 'ya'yanta 40 suka rayu, rabinsu mata. A wata na biyu mata 20 kowacce ta samar da 40, sun zama 800. Rabin 800 shi ne 400. A wata na uku 400 sau 40 ya ba mu 16,000. Daga mace ɗaya ke nan! Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. A nan kuwa ƙwaro ɗaya shi ke ɓata buhu. Ɗumin da Inna ta ji a hannunta ma daga numfashin dubban tsutsotsin nan ne.

ƁARNAR DA SUKE YI

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin wakenmu a duniya, Jamhuriyar Nijar ke bi mata. Wake shi ne naman talaka. Da shi ake ƙosai da alala da ɗanwake da garau-garau. Waken da ya huje nauyinsa yana raguwa, kuɗinsa ya faɗi a kasuwa, in an shuka kuma da yawa ba ya tsirowa. Tsoron ƙwari yana cikin abin da ke sa manomi sayar da wakensa da araha tun da kaka, sannan ya dawo ya saya da tsada.

A gona kuma, masu cin ganye sun fi cutar da shuka tana ƙarama, domin ganye shi ne madafar tsiro, a nan yake haɗa abincinsa da hasken rana. Bayan haka wasu suna ɗaukar ƙwayar cuta a bakinsu daga wannan shuka zuwa waccan. Ƙwaron kuɓewa yana yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare. Akwai kuma cutar da ke mayar da ganyen shinkafa rawaya, wadda aka fara ganowa a ƙasar Kenya a 1966, yanzu kuma tana nan a Najeriya da Nijar, kuma ƙwarin ganye suna cikin masu yaɗa ta. Wannan ya shafi masu noman shinkafa a fadamun kogin Rima, kamar na Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo.

TO MENE NE AMFANINSU?

Da na karanta wa Malam ɓarnar nan, na ce ai gara a kashe su duka a huta. Sai ya ce in je in zauna a lambun makaranta na rabin awa ba tare da na taɓa komai ba, in rubuta abin da na gani. Na ga ƙadangare ya laɓe a gindin kuɓewa yana cafke duk ƙwaron da ya faɗo. Na ga biyu sun maƙale a saƙar gizo-gizo. Na ga wani ɗan tsuntsu yana bin ganye yana tsinta. Daga nan na fara gane abin da ake nufi da muhalli: wuri ne da halittu suke zaune kowa yana dogara da wani. Ga ayyukan ƙwarin ganye a cikinsa.

Na ɗaya, abinci ne ga wasu. Tsiro yana samun ƙarfi daga rana. Ƙwaro ya ci tsiro, ƙadangare ko kwaɗo ko zabuwa su ci ƙwaro, shaho ko maciji ya ci ƙadangare. Wannan ita ce sarƙar abinci da muka koya a aji. Ƙadangare ba zai ƙoshi da ganyen kuɓewa ba, sai ƙwaro ya mayar masa da ganyen nama. Tsuntsaye da yawa ma, har masu cin hatsi, da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu a sheƙa.

Na biyu, suna riƙe da wasu ƙananan halittu masu taimakon manomi. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin dangin zanzaro da ba sa harbin mutum. Wata, mai suna Uscana, ƙwanta take sakawa a cikin ƙwan ƙwaron wake, ɗanta ya cinye shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Wata, mai suna Dinarmus, tsutsar da ke cikin waken take nema. Ana samunsu a rumbunan Afirka ta Yamma, suna rage yawan ƙwarin ba tare da an biya su ko sisi ba.

Na uku, suna hana tsiro ɗaya mamaye wuri. Yawancin ƙwarin ganye suna da zaɓen abinci, kowane iri da dangin tsiron da yake ci. Idan wata ciyawa ta yi yawa, ƙwarinta ma sai su yi yawa su rage ta, sauran tsirrai su samu fili. A daji kuma, dangin ƙwaron wake suna cin 'ya'yan itatuwa irin su bagaruwa da gawo. Masu bincike a Afirka ta Gabas sun gano wani abin mamaki a kan itatuwa dangin bagaruwa: idan dabba ta ci kwanson, tsutsar da ke ciki takan mutu a cikin dabbar, ƙwayar kuma ta fito a cikin kashi da rai, ta tsira a wani wuri da takinta. Wato itace da ƙwaro da dabba duk a ɗaure suke da igiya ɗaya. Ku tuna da wannan idan kuka ga jar akuyar Sakkwato tana tsintar 'ya'yan gawo.

Na huɗu, suna mayar wa ƙasa taki. Kashinsu da gawarsu da guntayen ganyen da suke zubarwa suna ruɓewa da wuri su koma abincin tsiro.

Na biyar, mutane sun taɓa ɗaukar su aiki. A jihar Kalifoniya ta Amurka wata muguwar ciyawa da ta shigo daga Turai ta mamaye makiyaya, tana sa wa shanu da tumaki ciwo. A tsakiyar shekarun 1940 masana suka kawo wani ƙwaron ganye mai suna Chrysolina, wanda ita ce abincinsa, suka sake shi. Cikin kamar shekara 10 ciyawar ta kusa ƙarewa, makiyaya ta dawo. Haka kuma a 1964 an saki wani ɗan'uwan ƙwaron kuɓewa a Amurka don ya ci wata ciyawar ruwa da ke toshe magudanai. A hamadar Kalahari da ke Botswana da Namibiya kuwa, mafarautan ƙabilar San suna tono tsutsar wani ƙwaron ganye da ke rayuwa a itatuwa dangin dashi, su shafa ruwan jikinta a kibiya ya zama dafin farauta.

Saboda haka ƙwaron da ya zama ɓarawo a buhun Inna, a daji ma'aikaci ne. Abin da ya sa yake fin ƙarfinmu shi ne mun tara masa abinci wuri guda, buhu guda ko gona guda, inda maƙiyansa ba su da yawa.

ME YA SA GUBA BA TA WADATAR BA?

Dalili na farko, lafiyarmu. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda ake kira DDVP, guba ne ga mutum, kuma ba a yi shi don a zuba a kan abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a cikinsa. Idan wasu sun ƙi sayen waken don tsoron lafiyarsu, mu da muke cin sa kullum fa?

Dalili na biyu, guba ba ta tambayar suna. Tana kashe ƙwaron kuɓewa, ta haɗa da ƙudan zuma da gizo-gizo da 'yan zanzaron nan masu taimako. Ƙwarin ganye kuma sun fi maƙiyansu saurin hayayyafa, sai su riga su dawowa su tarar babu mai tsare su.

Dalili na uku, ƙwari suna sabawa da magani. Idan an yi feshi, 'yan kaɗan masu juriya sukan tsira, su haifi 'ya'ya masu juriya irinsu. Babban misali shi ne ƙwaron dankalin Turawa na Kolorado, wanda shi ma ɗan gidan ƙwarin ganye ne. Daga Amurka ya tsallaka ya kafu a Faransa a 1922, ya bazu a Turai, kuma zuwa yanzu ya saba da magunguna fiye da iri 50.

Wannan ba ya nufin kada manomi ya taɓa yin feshi. Idan abu ya yi tsanani, a nemi shawarar malamin gona, a yi amfani da maganin da hukumar NAFDAC ta yi wa rajista, a bi ƙa'idar da ke jikin kwalba, kuma yara su yi nisa.

GWAJIN DA NA YI A GIDA

Malam ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Na samo robobin ruwa guda 3 busassu, na ɗebi wake daga ragowar buhun nan, wanda bai huje ba amma yana da fararen ɗigo.

Roba ta farko na zuba wake rabi, na ɗaure bakin da tsumma don iska ta shiga. Ta biyu na cika ta maƙil har wuya, na murɗa murfin da ƙarfi, na naɗe shi da leda. Ta uku na gauraya waken da tokar murhu da na tankaɗe, kofi ɗaya na wake, kofi ɗaya na toka. Na rubuta kwanan wata a jikin kowacce na ajiye a bayan ƙofa.

Bayan mako 6 na duba. Roba ta farko ta cika da ƙwari suna ta yawo, waken ya zama kamar rariya. A ta biyu na ga 'yan kaɗan a mace, babu mai motsi, waken kuma yawancinsa lafiya. A ta uku ramukan kaɗan ne ƙwarai. Da kakata ta ga ta ukun sai ta ce: "Yo wanga ai ba sabon abu ba ne. Mu da toka munka san aje wake tun muna ɗiya."

Ga bayanin. Ƙwaro yana numfashi kamar mu. A robar da aka toshe, su da kansu suke shanye iskar oksijin da ta rage, sai su daina ci, su bushe su mutu. Dole ne a cika robar, domin in an bar fili an bar musu iska. Toka kuma tana cike 'yan tsakanin ƙwayoyin wake, sai ƙwaron da ya fito ya kasa yawo balle ya samu abokiyar aure.

HANYOYIN KARE WAKE DA LAMBU

A wajen ajiya:

1. A busar da wake sosai kafin a ajiye, a tsince wanda ya huje.

2. A yi amfani da rana. Zafin da ya kai wajen digiri 60 yana kashe ƙwai da tsutsa da uwa. Ana shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake ba da kauri ba, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefe, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Mu da zafinmu yake wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, wannan makami kyauta muka same shi.

3. A zuba a jarka ko duro mai murfin kirki, a cika, a toshe, kada a riƙa buɗewa. A tabbata ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba.

4. A nemi buhun PICS. Buhu ne mai ninki 3, ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru suka ƙirƙiro dabarar, aka fara yaɗa buhun a Afirka ta Yamma daga 2007. Aikinsa ɗaya da roba ta biyu a gwajina. Maƙiyinsa shi ne ɓera da duk abin da zai huda leda.

A lambu:

1. A fi sa ido lokacin da shuka take ƙarama. Kuɓewar da ta girma tana iya jure 'yan ramuka ta kuma yi 'ya'ya.

2. A tsince manyan ƙwari da sassafe, lokacin da sanyi ya hana su kuzari.

3. A barbaɗa toka a ganye, ko a daka 'ya'yan dogonyaro a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa.

4. Kada a maimaita shuka iri ɗaya a wuri ɗaya kowace shekara, tunda tsutsar wasu a ƙasa take jira.

5. A daina jifan ƙadangaru da harbin tsuntsaye da danƙo. Wannan saƙo ne na musamman ga 'yan'uwana maza.

KAMMALAWA

Bana da kaka Inna ta sake sayen wake. Mun shanya shi, muka cika jarkoki huɗu muka toshe. Tana buɗe ɗaya ne kawai idan ta farko ta ƙare. Ranar da ta buɗe ta biyu ta kira ni ta zuba mini a tafin hannu, ta ce: "Duba, ɗiyata, ko rami guda babu." Ba a zuba guba ba, ba a kuma yi asara ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Da mun san ƙwan yana manne a jikin waken tun daga gona, kuma ƙwaron ba ya rayuwa sai da iska, da buhun bara bai lalace ba. Ina roƙon kowane ɗalibi ya je gida ya duba inda ake ajiye wake, ya kuma karanta wa iyayensa wannan darasi, musamman wanda ake zuba wa abinci magani a gidansu. Ina kuma roƙon shugabannin lambun makaranta, kafin a yi wa kuɓewarmu feshi, a fara gwada toka da ruwan dogonyaro a kunya biyu mu gani.

Ina godiya ga malaminmu na darasin noma da ya ara mini gilashi da littafi, da malamar Hausa da ta gyara mini rubutu.

TAMBAYOYIN MAKO

1. Kawo matakai 4 na rayuwar ƙwaron wake.

2. Ramin da ke jikin wake, ƙofar shiga ce ko ta fita? Yi bayani.

3. Me ya sa dole a cika jarka maƙil kafin a toshe ta?

4. Zana sarƙar abinci da ta fara da ganyen kuɓewa ta ƙare da shaho.

5. A lissafinmu na misali, ƙwari nawa za a haifa a wata na huɗu?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.